Alhaji Takwas-takwas da Alƙalami Mai Bakin Zinari

Masha Allah! In ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa Katsina baiwa da su, dole a fara da Alhaji Ɗanliti na Ƙofar Sauri, kafin a gangaro kan malamai da likitoci da sauran ƙananan mutane. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, ya sauka a kan muƙamin mataimakin darakta a wata ma'aikata. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama shi da kuskure ba, don ba a taɓa kama shi yana aiki ba. Wasu in sun yi ritaya sai su kama noma ko kiwon kaji. Alhaji ya fi ƙarfin wannan. Shi ilimin alƙalami ya kama.

Ba kuwa kowane alƙalami ba. Irin mai shan tawada, wanda bakinsa ke da tsaga: in ka ɗora shi a hankali ya ja layi siriri kamar gashi, in ka ɗan danna sai tsagar ta buɗe, layin ya yi kauri. Guda biyu gare shi, kullum suna aljihun gaban rigarsa, kawunansu a waje don kada wani bawan Allah ya wuce bai gani ba. Ɗaya tsoho ne ɗan Ingila, an ƙera shi tun kafin yaƙin Bama, bakinsa zinari. Ɗayan sabo ne ɗan Indiya, bakinsa ƙarfe. Na farkon yana yawo da shi don a yaba. Na biyun yana yawo da shi don ya samu abin zagi.

Da an sallame la'asar, mutane sun baje tabarma a gindin iccen bedi na ƙofar gidan Malam Salihu, shugaban kwamitin unguwa, sai ga Alhaji. Ko ana zancen tsadar taki, ko ana jajanta wa wanda aka sace wa babur, shi dai sai ya samu ƙofar da zai shigo da alƙalami.

"Ku duba nan, jama'a," zai ce. "Wanga tsoho ba a danna shi, lallashinsa ake yi. Zinari ne. Ya buɗe, ya koma da kansa, kamar mutum mai asali: ya rusuna ya gaishe ka, ya miƙe da mutuncinsa. Wanga ɗan zamani kuwa sai ka hau shi da ƙarfi kamar mai tura jaki. Sai da suka yanke masa gefe da gefe sannan ya yarda ya lanƙwashe. In ka matsa masa tawada ta kasa bin shi, ya bar maka layi biyu, tsakiya fayau, kamar layin dogo. To mi ke nan? Lalacewar zamani ke nan!"

Gaskiya a faɗe ta ko a kan maƙiyi: yawancin abin da yake faɗi haka yake. Ya haddace shi tsaf daga bidiyon wasu Turawa a wayarsa. Abin da bai taɓa faɗi ba shi ne, sabon nan da yake zagi ana kwance shi a wanke a mayar, in bakinsa ya lalace a sa wani. Tsohon kuwa, bakinsa ɗaya ne a duniya. Wataƙila nan ne datar wayarsa ta ƙare.

In ya gama wa'azin sai a zo gwaji. Ya ciro bayan ambulan, ya gyara hannun riga, ya ce kowa ya matso. Sannan ya zana takwas. Ya ƙara zana takwas. Takwas a jere har ƙarshen ambulan, siriri a sama, kauri a ƙasa, don haka ya ga Turawan na yi. Shekara uku ana wannan, ba wanda ya taɓa ganin ya rubuta ko da "barka da asuba". A ofis ma mai buga tafireta ke rubuta komai, shi ya sa hannu. Shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Alhaji Takwas-takwas. A gaban idonsa kuwa sai "ranka ya daɗe, lallai wannan ilimi ne", don mutanen garin nan kara za ta kashe su wata rana.

Ana nan sai unguwa ta tashi karrama Malama Hindu. Tsohuwa ce, ta haura saba'in, ita ta koyar da aji biyu a firamaren unguwar shekara da shekaru. Kusan duk mai furfura a Ƙofar Sauri ta hannunta ya bi, har da shi Alhaji, ko da yake ba ya son ana tuna masa. Da aka je tambayarta me take so, ta ce ba ta son atamfa, ba ta son buhun shinkafa. Takarda ɗaya take so, wadda 'ya'yanta na makaranta za su sa wa hannu, ta rataye a ɗakinta tana kallo.

Aka samo takarda babba mai kauri, mai zanen ruwan gwal a gefe. Wata uku tana yawo. Ta je Kaduna, ta je Abuja, ta je Legas a cikin jakar wani direba. Mutum ɗari biyu da wani abu suka rubuta sunayensu a kewaye, kowa da hannunsa: alƙalai, teloli, 'yan kasuwa, ungozoma, har da wanda ciwo ya kwantar aka kai masa gadon asibiti. Tsakiyar kawai aka bari fara, don kalmomin godiya. Kowa ya san in wani abu ya sami takardar nan, babu ta biyu.

Ramla, sakatariyar kwamitin, ta kawo shawarar a kai shagon kwamfuta a buga tsakiyar da kyau. Wayyo Ramla, da ta sani! Alhaji ya miƙe kamar an zagi kakansa.

"Inji? Inji za ya gode wa malamarmu? Alhali ina raye a cikin garin nan, ga alƙalami mai bakin zinari a aljihuna? Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Ni zan rubuta, da hannuna. Kuma ba a ɓoye ba. Ranar taro, a gaban kowa, don yaran zamani su ga yadda ake rubutu."

Ramla ta ce to ko zai fara gwada musu a wata takarda su gani. Ya kalle ta sama da ƙasa, ya ce ba a yi wa likita jarrabawa a ƙofar ɗakin tiyata. Malam Salihu ya sosa ƙeya, sauran suka sunkuyar da kai, aka ba shi.

Daga nan hikimar Alhaji ta ƙara tashi sama. Ya ce tsohon alƙalami sai tawada mai asali, ba ruwan kwalbar kanti ba. Ranar Alhamis ya shiga mota ya nufi Ƙofar Guga, wurin Malam Baƙo, dattijon da ya shekara arba'in yana rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma shi ke haɗa tawadarsa da kansa. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da zafi da jama'a, Alhaji ya faɗi buƙatarsa. Malam Baƙo ya karɓi alƙalamin, ya juya shi, ya leƙa 'yar hanyar da tawada ke bi.

"Alhaji, wagga tawada tawa da ƙaro ake haɗa ta," in ji shi. "Ta alƙalamin kara ce, a tsoma a rubuta a goge. In ta kwana cikin wanga abu, daskarewa za ta yi."

Alhaji ya yi murmushin da manya ke yi wa marasa ilimi. "Malam, kai ka san kara, ni na san zinari. Kowa ya tsaya inda Allah ya aje shi."

Malam Baƙo ya zuba masa a 'yar kwalba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, kuma Malam yana da shafin da zai ƙarasa kafin azahar.

Tsohon alƙalamin yana da 'yar jakar roba a cikinsa, da wani ɗan ƙarfe a gefe. In ka ɗaga ƙarfen ya matse jakar, in ka sake shi ta zuƙi tawada. Da ya koma gida, Alhaji ya ɗura masa har wuya. Ya gwada nan take, takwas ta fito baƙa wuluk tana sheƙi. Ya yi kabbara shi kaɗai a ɗaki. Sannan ya rufe alƙalamin, ya sa shi a akwatinsa, ya aje a gaban mota, a cikin zafin bazarar Katsina, ya ce kada kowa ya taɓa sai ranar Asabar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Asabar kuwa ta zo da hantsi mai kyau. An kafa rumfa a filin makarantar, an jera kujeru, mata a gefe guda, maza a gefe guda. Malama Hindu na zaune a gaba da farin mayafi da tabarau, tana ta share ido tun kafin a fara. Aka shimfiɗa takardar a kan tebur. Aka ba Alhaji minti biyar ya yi bayani, ya ci arba'in. Ya ɗaga tsoho ya yi masa kirari. Ya ɗaga sabo ya tsine masa, ya ce ya zo da shi ne kawai don jama'a su ga abin da ba a so. Da ya ga masu ɗaukar bidiyo da waya sun matso sosai, ya yi bisimilla, ya ɗora bakin zinari a kan takarda, ya ja.

Shiru. Ko ɗigo.

Ya sake ja. Ya hura masa iska. Ya karkaɗa shi a gefen kunne kamar mai duba ƙwai. Gumi ya fara bin hular. Sai ga mutumin da ya shekara uku yana koya wa duniya cewa ba a danna tsohon alƙalami, ya taushe shi da dukan ƙarfin da Allah ya ba shi. Bakin zinarin ya buɗe, gaskiya ne. Komawar ce bai yi ba. Ya tsaya a wangale, ɗaya gabas ɗaya yamma.

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma Alhaji ya tuna da ɗan ƙarfen nan na gefe. A kan takardar, ba tare da ya kauce ko taki ɗaya ba, ya sa farce ya ɓalle shi. Abin da ya toshe ya fice, tawadar kwana biyu ta biyo baya gaba ɗaya, ɓul! Ta kwanta a tsakiyar takardar, faɗin tafin hannu, ta gangara gefen dama ta haɗiye sunaye goma sha wani abu. A cikinsu akwai na mutum biyu da suka riga mu gidan gaskiya bayan sun sa hannu. Ramla ta ɗora hannu a ka. Wata tsohuwa a baya ta ja salati. Wallahi ko ni mai ba ku labarin nan, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ka ce ya ji kunya? Gwano ai ba ya jin warin jikinsa. Ya juya ga jama'a ya ce takardar ce ta zamani, ba ta san darajar zinari ba. Malam Salihu, wanda ranar ce karon farko da aka ga ya ajiye kara, ya ce masa da murya ƙasa-ƙasa: "Alhaji, akwai sauran wuri a ƙasa. Ciro ɗayan ka rubuta mu tashi."

Ba yadda zai yi. Ya ciro ɗan Indiya, abin zagi, lalacewar zamani, mai shan ruwan kwalbar kanti. Yana ɗora shi ya kama rubutu, ba gardama, ba ko tari. To a nan ne asiri ya gama tonuwa, don yanzu babu alƙalamin da za a ɗora wa laifi. Layi biyu kacal ne: godiya ga Malama Hindu daga ɗalibanta. Alhaji ya yi minti goma yana fama, harshe a waje. Layin farko ya fara daga sama ya gangara kamar mai neman rijiya. Haruffan wani ya hau wani, wani ya kwanta, wani ya yi zuciya ya tafi shi kaɗai. Kaza in ta yi tono a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi shi tsari.

Aka rasa mai ɗaukar takardar ya miƙa. Malama Hindu da kanta ta dafa sanda ta taso. Ta tsaya a gaban tebur ɗin ta daɗe tana kallo. Ta bi gefen dama da yatsa, inda sunayen suka nutse, bakinta na motsi, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya da ka, don ta riga ta ji waɗanda suka sa hannu a wurin. Kowa ya ga abin ya yi mata ciwo. Sannan ta gyara tabarau, ta buɗe jakarta, ta lalubo wani jan biro mai taunannen murfi. A ƙasan rubutun Alhaji, da hannu miƙaƙƙe kamar an sa rula, ta rubuta: biyu bisa goma, a sake.

"Ɗanliti," ta ce, ba Alhaji ba, ba ranka ya daɗe, kuma lasifika na kusa da bakinta. "Tun kana aji biyu nake ce maka ka daina danne abin rubutu. Ba ka ji ba."

Ta naɗe takardarta ta sa a hammata, ta ce haka za ta rataye ta, kowa ya zo ya gani. Amma mai hali ba ya barin halinsa, ko a nan sai da Alhaji ya nemi abin kamawa. Ya gyara babbar riga, ya ce to alhamdu lillahi, ko ba komai Malama ta ga abin yabo, tunda har ta ba da biyu.

Tsohuwar ta juyo daga bakin rumfa.

"Biyun ba naka ba ne. Na ɗan Indiyar ne, shi ya yi aikinsa."