Layar da Ba Ta Son Zafi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da biri ya tona mini asiri ba. Ko na so in manta ma, 'yan tasharmu ta Azare ba za su bari ba. Har yau in na shigo sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Sarkin Baka, an tashi lafiya?" Ni kuwa ko ɓera ban taɓa harbewa ba.

Ni direba ne. Shekara ashirin da wani abu ina jan motar haya, Azare zuwa Kano, Azare zuwa Potiskum. Motar wani, ribar wani, ciwon baya nawa. Boko a aji biyu na sakandare na tsaya (ba don ƙwaƙwalwa ba, waɗanda nake gaba da su a ajin yau suna ofis suna barci a ƙarƙashin fanka). Abin da na tara a shekarun nan bai wuce 'ya'ya bakwai da basir ba. E, basir. Na faɗa muku tun yanzu, don ɓoye shi ne ya kai ni ya baro.

Akwai wani likita a garinmu, Dakta Bashir, da yake neman direban gida na dindindin. Albashi kowane ƙarshen wata, ka kai yara makaranta, ka kai Hajiya unguwa, ka dawo ka zauna a inuwa. Ga mutumin da ya haura hamsin, wanda zama a kujerar mota ya zame masa azaba, wannan aiki aljannar duniya ce. Mu biyu aka kawo masa, ni da Malam Ya'u, wani sa'ana mutumin Katagum, irin mutanen nan masu shiru-shiru da za ka yini da su ba ka ji tarinsu ba.

Sai aka yi dace Dakta da abokansa sun shirya tafiyar buɗe ido ta kwana shida da motoci biyu. Za a shiga tuddan yashi na arewacin Yobe, a gangaro wani kwazazzabo, a ƙare a gandun dajin nan na kudu da Bauchi, kuma duk a tanti za a riƙa kwana. (Ka ji mutanen da Allah ya ba katifa da fanka, amma su kashe kuɗi su je su kwanta a ƙasa. Mu da muke kwana a ƙasa kyauta ba a ce muna buɗe ido.) Dakta ya ce, "Malamai, kowa ya ja mota ɗaya. In mun dawo zan san da wanda zan zauna."

To ga matsalata. Mai kemis ya ba ni wani magani na cusawa, ƙwayoyi dogaye masu tsini a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, kai ka ce harsashi. Ya ja mini kunne cewa in suka sha zafi narkewa za su yi kamar man shanu. Ni kuma na ƙudurta babu wanda zai san ina da wannan larura, don wa zai ɗauki direban da zama yake gagara? Sai na zuba su a wata tsohuwar 'yar jakar fata ta marigayiya mahaifiyata, na ɗaure bakin tamau, na faki ido na tura ta ƙasan kular da aka zuba nama da ƙanƙara.

Kwana ɗaya asirina ya yi.

Washegari da safe muna gindin wani tudun yashi, ana haɗa shayi, sai matar Dakta, Hajiya Falmata, ta buɗe kula. Ita ma ma'aikaciyar asibiti ce, a ɗakin ba da magani take. Babarbariya ce, ni kuma asalinmu Fulani ne (duk da Fillancina bai wuce gaisuwa ba), saboda haka tun daga Azare take tsokanata. Ta ɗago jakar da yatsu biyu.

"Kai bawana, me wannan ƙazantar take yi a cikin namanmu?"

Na yi wuf na karɓe. Da na ce mata, "Hajiya, magani ne," da shi ke nan, da ba ku karanta wannan ba. Amma ido shida a kaina, har da na Dakta. Sai na ji bakina ya ce, "Gadon kakana ne. Layar daji ce."

"Laya a cikin ƙanƙara?"

"Ba ta son zafi," na ce. "Ta mafarauta ce. Kakana shi ne Sarkin Bakan yankin Katagum a zamaninsa. In dai wannan tana wuri, babu naman dajin da zai kusanto."

Malam Ya'u yana tsugune yana hura gawayi. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa. Gidansu da gidan kakana katanga ɗaya ce. Ya san kakana bandar kifi yake sayarwa a kasuwa, kifin ma ba shi yake kamawa ba, sari yake a bakin kogi. Kakan nawa mutum ne da ko karen maƙwabta ya yi haushi sai ya sake hanya. Ya'u dai ya ci gaba da fifita wutarsa.

Akwai abokin Dakta, Alhaji Sani, ɗan kasuwa, wanda wayarsa ba ta sauka daga hannunsa. Komai sai ya ɗauka, har raƙumi yana tuƙa. Shi ne ya fi kowa gaskata ni. "Allahu akbar! Dakta, ashe da babban mutum muke tafe. Malam, wane irin nama kakan naka ya kashe?"

Na ce zaki. Da na ga ya ji daɗi, na ƙara ɗaya.

Ƙarya kuwa in ta samu wuri sai ta miƙe ƙafa. Kullum da sassafe ina bukatar in keɓe da jakata da butata, sai na ce musu zan je in "ɗaure daji". Alhaji Sani har hana mutane magana yake yi sai na dawo. Ina dawowa ina tafiya a hankali, ƙafa a ware, shi kuma ya ce, "Kun gani? Aikin yana da nauyi." Yana da nauyi kam.

Abin da yake ƙona mini rai har yau shi ne, ba na ma bukatar ƙaryar. A rana ta biyu motar Ya'u ta kafe a rairayi har gindi. Ni na sauka na rage iskar tayoyi, na sa aka tone gaba, na shimfiɗa tabarmi biyu, na shiga na fitar da ita a hankali kamar ana zare ƙaya. Wannan aikina ne, na iya shi, ba gadon kowa ba ne. Dakta ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, hannunka yana da kyau." Wallahi a ranar aikin nan yana aljihuna.

Wurin ma, in faɗi gaskiya, yana da kyau. Yashi ja har iyakar ganinka, can ƙasa ga ruwa kwance da dabino da goruba, shiru kamar duniya ba kowa. A kwazazzabon kuma duwatsu ne suka tsage biyu, ruwa siriri yana bi ta tsakiya, in ka yi magana ta dawo maka. Da mutum mai hankali ne da ya zauna ya kalli ikon Allah. Ni kuwa ina can ina nuna wa Alhaji Sani sawun karen makiyaya ina cewa kura ce, mace, mai ciki.

Rana ta biyar muka shiga gandun daji. Mun ga gwanki, mun ga ɓauna daga nesa, giwa dai kashinta kawai muka gani. Ma'aikacin da ya nuna mana inda za mu kafa tanti ya yi mana gargaɗi ɗaya: kada a bar abinci a buɗe, saboda gwaggon biri. Ya ce ba su da kunya, ba sa tsoron mutum.

Alhaji Sani ya yi dariya. "Ɗan'uwa, ba ka san da wa muke tafe ba."

Da safe aka shimfiɗa tabarma ana karyawa. Hajiya Falmata ta ce a rufe kula a mayar mota. Ni da bakina na ce a bar ta. Na ɗauko jakar na ɗora a kan murfin, na ce, "Ga mai gadi nan." (Jakar da ta kwana biyar tana shan romon nama. Ko ni da nake mutum ina jin ƙamshinta.)

Ba a yi minti goma ba sai ga shi. Ƙato, namiji, kafaɗa kamar ta ɗan dako. Bai yi gudu ba, bai yi sanɗa ba. Tafiya yake irin ta mai gida ya dawo daga kasuwa. Ya zo ya zauna taku biyar daga kula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa kuwa ni yake kallo.

"Malam, bismilla," in ji Alhaji Sani a hankali, waya a sama.

Yaya zan yi? Na miƙe. Na taka ɗaya, na taka biyu, na ɗaga hannu ina motsa baki kamar mai karanta wani abu. Wallahi sunayen garuruwan hanyar Kano nake jerawa. Ina kaiwa Jama'are sai birin ya yi hamma. Hamma kawai. Na ga haƙora huɗu, kowanne ya kai ɗan yatsana.

Abin da na sani bayan nan shi ne ina cikin mota. Yadda na shiga ban sani ba, mutumin da yake ɗaukar minti guda kafin ya zauna. Kuma ba shiga kawai na yi ba, na danna makulli, ƙofa huɗu suka kulle ƙaf. Hajiya Falmata ta rugo tana jan ƙofa, tana buga gilashi.

"Buɗe! Malam, buɗe mana!"

Ina ganinta. Ina jin ta. Hannuna ya ƙi zuwa wurin makullin. Wannan ne abin da har gobe in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage. Matar mutumin da nake neman ya damƙa mini iyalinsa tana waje, ni ina ciki ina kallonta ta gilashi kamar talabijin.

Malam Ya'u ne ya ɗauki murfin tukunya da ludayi, ya shiga tsakaninta da birin yana kaɗawa, ba ihu, ba gaggawa. Birin ya ga abin ya zama hayaniya, ya miƙa hannu ya ɗauki jakata, ita kaɗai, ya hau wani dutse nan kusa ya zauna. A gaban kowa ya sa haƙori ya farke gadon kakana. Ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya tofar. Ya watso sauran ƙasa ya yi tafiyarsa.

Sai a lokacin na buɗe mota.

Alhaji Sani ya tsinci ɗaya, yana juya ta cikin girmamawa. "Ikon Allah. Harsashin Sarkin Baka ne?"

Hajiya Falmata ta karɓa. Kallo ɗaya ta yi wa takardar. Ta dubi mijinta, mijinta ya dubi sama. Sai Malam Ya'u, mutumin da bai yi magana goma ba a kwana biyar, ya ajiye ludayi ya ce, "Harsashi ne mana, Alhaji. Sai dai bindigar ce ta baya ake ɗura ta."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Dakta har da riƙe tanti. Hajiya tana share hawaye tana cewa, "Wayyo bawana! Ashe dajin da kake ɗaurewa ke nan kullum da safe!" Ni dai ina tsaye ina kallon takalmina. Wani ƙaramin biri a kan bishiya ma sai da ya yi wani kuka, na tabbata da ni yake.

A hanyar dawowa Dakta ya shigo motata, mu biyu kawai. Mun wuce Darazo kafin ya yi magana.

"Malam, tun yaushe kake fama da shi?"

Na ce shekara shida.

"Shekara shida. Kwana biyar kana tafe da likita da mai ba da magani, ka zaɓi ka faɗa wa biri." Ya juyo ya dube ni. "Ciwo ba ya hana ni ɗaukar mutum. Rabin direbobin garin nan suna da shi. Tatsuniyar kakanka ma ba ta dame ni ba, ta rage mana hanya. Amma ƙofar nan da ka kulle, ita ce ba zan iya ba."

Na ci gaba da tuƙi.

Ya'u aka ba aikin. Yana nan har yanzu, ya yi ƙiba, yana wucewa ta gaban tasha da yara a baya, ya ɗaga mini hannu. Kuma ban taɓa jin ya ba wa kowa labarin ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ko dalilin ƙinsa bai bar mini ba. Wayar Alhaji Sani ce ta yi aikin. Kafin mu iso Azare hoton ya riga mu, har matata ta gani a wayar maƙwabciya. Da na shiga gida ruwa ta kawo mini, ta ce, "Sannu da farauta."

Dakta dai ya sa na je asibiti, aka duba ni, aka yi abin da ya kamata. Yau ina zama a kujerar mota garau, Azare zuwa Kano, motar wani, ribar wani. Na fita neman aiki na dawo da lafiya da sunan da ban roƙa ba.

Abin da na koya bai da yawa. In kana da ciwo, faɗa wa likita da bakinka, don shi a ɗaki zai ji, ya rufe ƙofa. In ka ɓoye, Allah yana da ma'aikatan da za su sanar a madadinka, kuma su a kan dutse suke zama.