Mista Gobe da Kwalin Goggo Orpha

Mista Vernal Hovland ba ya taɓa na'urarsa sai ya wanke hannu da sabulu. Wajen cin abinci bai cika damuwa da haka ba, matarsa Gudrun ce shaida. Amma in zai zauna gaban kwamfuta, sai ya wanke, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi gyaran murya.

Mutum ne da garinmu ya yi sa'ar samu. Shi da kansa ya sha gaya mana haka. Kafin 1981 irin masara yake sayarwa, kuma ba laifi. A kakar wannan shekarar ya tafi Minneapolis ya dawo da kwalin kwamfuta a kujerar gaba, ɗaure da bel, Gudrun tana zaune a baya.

Na'urar ba ta zo da allo ba, sai an jona ta da talabijin. Gudrun ta rasa talabijin. Na'urar ba ta da inda take ajiye abu, sai a kaset. Gudrun ta rasa rikoda. In aka kashe wuta sai na'urar ta manta duk abin da aka gaya mata, a sake juya mata kaset ɗin, ya yi minti goma sha biyu yana kuka kamar an taka kyanwa.

Da safe a shagon kofi yakan yi mana karatu kyauta.

"Ku ba za ku gane ba. Duk abin da ke duniya abu biyu ne, kunnawa da kashewa. Haruffa dubu goma sha shida na'urata take riƙewa a kanta lokaci guda. Arvid, kai nawa kake riƙewa?"

Arvid, mai haƙa mana kaburbura, ya kurɓi kofi.

"Ni dai na san inda na ajiye shebur ɗina."

"To ka ji. Ku kuna jiya, ni ina gobe."

Tun daga ranar muke kiransa Mista Gobe. Ya ɗauka girmamawa ce, mu kuma ba mu gyara masa ba.

Ya gayyace mu gida mu ga aikinta. Ya danna, sai sunansa ya yi ta gangarowa a talabijin, layi bayan layi, babu tsayawa. Mun yi minti biyar muna kallo cikin ladabi. Daga baya ya zare wayar daga bango, domin bai kai shafin da ke bayanin tsayar da ita ba.

Irin wannan baiwa ba ta zama a falo. A taron kwamitin cocinmu na watan Oktoba ya miƙe ya ce abin kunya ne a ce matattunmu suna zaune a kwalin takalmi. Gaskiya ne, a nan suke. Maƙabartarmu tsohuwa ce, rabin kaburburan alamar katako aka sa musu, katakon kuwa ya ruɓe tuntuni. Wadda ta san wa ke ina ita ce Goggo Orpha, mai shekara tamanin da uku, da kwalinta mai katuna ɗari huɗu da 'yan kai. Shekara hamsin tana riƙe da shi.

"Zamanin takarda ya wuce, Goggo. Ki ba ni kwalin nan, kafin Kirsimeti kowane mamaci ya shiga na'ura."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta san shi tun yana cin majina.

"Vernal, ka bar su yadda suke a jere."

"Ki huta, Goggo. Tsari ai sana'ata ce."

Aka kaɗa ƙuri'a, ya ci. Ni ma na ɗaga hannu, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fara yi shi ne ya juye kwalin a teburin cin abinci. Ya ce bai taɓa ganin hargitsi irin wannan ba, ga wanda ya mutu a 1902 kusa da wanda ya mutu bara, babu bin haruffa, babu bin shekara. Kwana uku ya yi yana jera su daga harafin farko zuwa na ƙarshe, su Gudrun suna cin abinci a tsaye. Sannan ya fara bugawa da yatsa biyu. Ana saura mako Kirsimeti ya kai harafin H, kan su Halvorson, sai na'urar ta ce ta cika. Bai gaya wa kowa ba. In an tambaya yakan ce an kammala mataki na farko.

A watan Janairu tsohuwa Signe Tollefson ta rasu. Ƙasa ta daskare kamar dutse, don haka aka ajiye ta a ɗakin dutsen da ke bakin maƙabarta, ta jira narkewar ƙanƙara kamar kowa. Wasiyyarta ɗaya ce, kuma ta maimaita wa 'yarta Marlys har ta haddace: a kwantar da ita kusa da mijinta Nels, wanda ya rasu a 1949, kabarinsa kuma ba alama.

Ƙarshen Afrilu ƙasa ta yi laushi. Muka tafi gidan Vernal, ni da Arvid da Marlys da Goggo Orpha. Ya sa kaset, kaset ɗin ya yi kukansa ya gama, na'urar ta ce ba ta ji ba. Ya ƙara murya, aka sake. Sunaye suka fito, suka tsaya a Halvorson.

"Su Tollefson suna mataki na biyu," in ji shi. "Amma ku ga amfanin tsari."

Ya jawo kwalin, ya zaro kati ya ɗaga sama.

"Daƙiƙa huɗu! Goggo, da sai ki yi rabin awa."

Marlys ta karɓa ta karanta. Suna, ranar haihuwa, ranar mutuwa. Ta juya bayan katin, fari fat.

"To a ina Babana yake, Mista Hovland?"

Goggo Orpha ta yi magana a hankali, idonta a kan kwalin.

"Katin farko shi ne kabarin da ke bakin ƙofa. Na biyu na kusa da shi. Kowa a kwalin nan yana kwance ne kusa da wanda yake kwance da shi a ƙasa. Ƙarshen kowane layi na sa guntun kwali. Ina guntayen, Vernal?"

"Ba a rubuta komai a kansu ba," in ji shi.

Arvid ya sa hularsa.

Washegari aka kai Goggo Orpha maƙabarta aka ɗora ta a kujera, Arvid yana soka sandar ƙarfe a ƙasa yana neman inda aka taɓa haƙawa. Ta tuna wurin, kusa da shingen arewa. Kaburbura biyu ne a jere, ɗaya na Nels, ɗaya na ƙanensa Anders, wanda Signe ta daina yi wa magana tun 1938 a kan wata saniya. Akwai fili a gefen wannan, akwai a gefen wancan.

"Ina jin na hagun ne Nels," in ji Goggo Orpha.

"Kina ji, Goggo, ko kin sani?"

"Da na sani, 'yata, da ban ajiye kwali ba."

Aka binne Signe a hagu. Marlys takan zo duk watan Mayu da furanni, ta tsaya jim, ta raba su uku.

Vernal bai karaya ba, manyan mutane ba sa karaya. Ya sanar da kwamiti cewa zai rubuta wa na'urar umarnin da zai mayar da katunan yadda suke tun asali, aikin mako biyu ne. Duk taro yakan ce ana kai.

Da ya rasu a 1994, Gudrun ta kira ni in taya ta kwashe teburinsa. Mun tarar da takardar. Ya rubuta take da manyan haruffa, ya ja masa layi biyu da rula. A ƙasa ya sa lamba goma, wadda a lokacin da ita ake fara layin farko na umarni. Bayan goman babu komai.