Haƙorin Makka a Motar Tsafe

Ko komai ya ɓace mini saboda tsufa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukina a Tsafe ba. Lokacin ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba, ina koyarwa a wata firamare a Bungudu, kuma ina ji da kaina a matsayin mawaƙin barkwanci. Ba wanda bakina ya bari. Telan da ke saɓa alkawarin salla na yi masa baiti, mai ɓoye hatsi na yi masa, har direban da ke cusa mutum kan mutum. Yara su haddace, malamai su yi ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa kai sai ƙara kumbura yake (wai ni mai gyaran al'umma).

A shekarun nan kuɗi sun shigo, jama'a suna ta tafiya aikin hajji, kusan kowa ya dawo da haƙorin zinari a baki. Sai na ga ai ga abin waƙa ya samu.

Ita kuwa Saratu da nake nema, a gidan gwaggonta take zaune a Gusau, can nake zuwa zance. Mahaifinta, Alhaji Garba mai goro, yana Tsafe, ban taɓa sa shi a ido ba. Ya aiko cewa in zo ya ga kamun kaina kafin ya ba da amsa, don akwai wani ɗan kasuwa da shi ma ya fito. Ka ga kenan auren yana rataye ne da wannan gaisuwa.

Na sha babbar rigar aro, na hau motar kiya-kiya a tashar Gusau. Kusa da ni wani dattijo ne, ya naɗe bakinsa da gefen rawani. Ko Kwatarkwashi ba mu kai ba bakina ya fara ƙaiƙayi. Wata mata ta yi ƙorafin tsadar kaya, hira ta ɓarke, sai na ce, "Jama'a, ku saurara ku ji sabuwa fil." Na gyara murya:

Alhaji an sauka daga Makka,
Ba zancen salla, ba na zakka,
Ko gun ta'aziyya in ya gan ka,
Sai ya yaƙe baki don ya haska ka.
Ka ce masa Malam, ya ƙi amsa ka,
Sai ka ce Alhaji, sannan ya san ka.

Mota ta kaure da dariya, direba har yana dukan sitiyari. Dattijon nan kuwa sai ya kau da kai. Ya ƙara danne rawani a baki, kafaɗunsa suna ta rawa, na ɗauka gargadar hanya ce. Har zungurarsa na yi, na ce, "Baba, kai ba ka dariya ne?" Ya girgiza kai kawai.

Direba ya ce, "Malam, ina zuwa da wannan ado haka?"

"Gaisuwar surukai, gidan Alhaji Garba mai goro," na ce da ƙarfi. "Ku taya ni addu'a, Allah ya sa shi ma ba fitila ce a bakinsa ba!"

(Har yau in na tuna wannan magana sai na ji kamar in mari kaina.)

Dattijo ya sauka a bakin gari. Ni kuma na wuce tasha, inda abokina Lawali, ɗan garin, yake jirana ya yi mini rakiya. Muka isa gidan, muka tuɓe takalma, muka durƙusa a zaure. Dattawa cike, abokan maigida. Na sunkuyar da kai kamar na Allah. Can na ji takun maigida, na ɗan saci kallo. Rawanin nan ne. Ya zauna a kan buzu, ya sassauta naɗin a hankali, ya yi mini murmushi.

Innalillahi! Ba ɗaya ba, biyu ne, sama da ƙasa.

Gumi ya karyo mini har cikin rigar mutane. Na ce a raina, shi kenan, ɗan kasuwa ya samu matar aure.

"Malam mawaƙi, an iso lahiya?" in ji shi. Ya juya wajen abokansa. "Wanga yaro ya tashi kashe ni cikin mota. Dariya ta ci ni, ba halin in buɗe baki. Tashi ka maimaita musu."

"Baba, don Allah a yi haƙuri, ƙuruciya ce..."

"Ba Baba ba. Ka ce Alhaji, sannan in san ka. Tashi!"

Haka na miƙe, na rera da wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba. Ina kaiwa wurin ta'aziyya zaure ya fashe. Ashe duk alhazai ne! Duk inda na duba zinari ke walƙiya, wani tsoho har da riƙe ciki yana nuna na kusa da shi, yana cewa, "Wallahi da kai yake!" Lawali kuwa, maimakon ya cece ni, ya kifa kai a tabarma yana shessheƙa.

Da aka lafa, Alhaji ya share hawaye ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi, akwai masu hakan cikinmu. Na ba ka ɗiyata, ko ba komai gidanta ba za a rasa dariya ba. Amma ran da Allah ya kira ka Makka, ina nan ina jiran in ga bakinka."

Farin cikin da na ji ranar bai faɗuwa. Kunyar kuma ba ta sake ni ba sai da aka yi suna na fari.

Tun daga nan, kafin in yi wa mutane waƙa, sai na bari kowa ya yi hamma na ga abin da ke bakinsa. Shekaru bayan haka na sauke farali, kuma na rantse ba zan sa haƙorin ba. Ina dawowa na je Tsafe gaisuwa, na naɗe bakina da gefen rawani. Alhaji ya dube ni, ya dubi rawanin, ya ce, "Nawa?"

Na ɗaga yatsa ɗaya.