Rasuwar Baƙa, Sifikar Alhaji Tamu, a Waƙa ta Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai wanda kunya ta hana shi ɗagowa, Alhaji Tamu Danwarai, dillalin albasa a kasuwar Aliero, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a na Jega da Maiyama da kewaye rasuwar sifikarsa, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta cika ranar kasuwa bayan azahar, a ƙarƙashin rumfarsa, a gaban jama'a, tana tsakiyar aikin da bai kamata a ɗora mata ba.

Marigayiya ba 'yar babban shago ba ce. A kan tiren wani mai tallar caja da tocila Alhaji ya same ta a tashar Jega, ta kuwa zauna da shi shekaru masu dama ba ta taɓa ba shi kunya ba. Duk wanda ya san rumfar ya san gaisuwarta: in an kunna ta sai ta ce "tulun-tulun", sannan wata mata ta yi magana daga cikinta da wani yare da har ta bar duniya ba a samu mai fassara shi ba. Ita ke kawo tafsiri da azumi. Ita ke karanto saƙon murya na dillalan Kurmi, masu kukan kasuwa ta faɗi alhali ba ta faɗi ba. Da la'asar kuma sai ta saki waƙoƙin mutanen da, masu kalangu da kotso, waɗanda in sun yabi mutum sai ya ji kamar ya tuɓe rigarsa ya bayar. Ta taɓa shan ruwan sama a bayan a-kori-kura, aka shanya ta tare da albasa a kan rudu, gadon karan da ake ajiye kaya, ta warke sarai. Aibinta ɗaya, maɓallin kashewa ya daɗe da mutuwa, sai an kwance robar da aka ɗaure ta an zare batir take yin shiru.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga kiran waya. Alhaji yana da ɗa, Surajo, wanda ya tafi Sakkwato karatu, karatun ya ƙare shi bai dawo ba, kuma duk wanda ya tambayi sana'arsa sai a ce masa ana nan ana fafutuka. Ran nan ya kira, Alhaji na tsaye ana lodi, motoci na ta oda. Yaro ya ce albam ɗinsa ya fito, zai shiga kasuwa har Legas da Gana. Kunnen da ya shekara arba'in yana jin kalma ɗaya bai ji albam ba, albasa ya ji. Ya tambaya nawa ne, aka ce goma sha biyu. Ya ce a ransa buhu goma sha biyu ba yawa, amma da haka kowa ya fara. Surajo ya ce ya tura wa ƙanwarsa Zahra'u komai, Baba ya saurara da kyau.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar shaida, don duk Aliero ta ji. Alhaji ya faɗa a masallaci, ya faɗa wurin mai shayi, ya faɗa wa Ummaru Katanga, abokin wasansa kuma abokin hamayyarsa a sana'a, cewa jini ya yi halinsa, Surajo ya kama albasa, kayansa har Gana. Zahra'u ta so ta yi masa bayani lokacin da take saka masa abin a memori, ya ce mata maganar kasuwa ba ta yara ba ce. Ranar kasuwa ya tara majalisa, ya sa aka kawo shayi, ya ɗora Baƙa a kan buhu, don kowa ya ji yadda ɗan dillali ke ba da rahoton kaya.

Baƙa ta ce "tulun-tulun". Daga nan ba ta sake faɗin abin da ya yi kama da ita ba.

Waƙar farko ba ta da komai sai sunan mai ita. Ya kira kansa Suraj Wuta, ya maimaita, ya sake maimaitawa, kamar mai cigiyar akuya. Muryar ma ba tasa ba ce, an bi da ita ta cikin inji ta fito kamar sauro ya faɗa randa. Ta biyu soyayya ce, rabi Turanci rabi Hausar da ba a yi a Aliero, ba a yi a Kano, ba a yi ko'ina. Ta uku an zuba mata jita mai ƙara irin ta injin ban-ruwa da mai ya ƙare masa. Kiɗan kuwa ɗaya ne tun daga farko, buhu kawai ake sauya masa.

Alhaji ba makaɗi ba ne, amma ya san kaya. Albasa ba a ɓawo ake ganin ta ba, a wuya ake danna ta da babban yatsa, in ta lotsa to cikinta ruwa ne. Ya danna wannan kaya waƙa bayan waƙa, duk sun lotsa. An cire su ba su ƙosa ba, ba a bari sun sha iska ba, aka ɗinke buhu aka yi kasuwa da su. In da wani baƙo ne ya kawo masa irinsu, da tuni ya ce a sauke a gefe.

Amma ba wannan ne ya karya shi ba. A waƙa ta biyar Surajo ya shiga ba da tarihinsa. Ya ce a titi ya tashi, da yunwa ya kwana, ba uwa ba uba, shi ya yi kansa da kansa. Wannan Surajo da uwarsa Hajiya Murjanatu ke ɗebe wa tsokar miya tun kafin a zuba wa mai gida. Kowa a majalisa ya sami abin kallo a cikin kofin shayinsa. Ummaru Katanga ne ya gyara zama, ya ce a hankali, "Alhaji, ashe maraya ka haihwa ba mu sani ba? Da ka hwaɗi, da mun sa shi cikin zakka."

Ana iya tambaya me ya hana a zare batir. Zare batir sai an kwance roba, kwance roba kuwa a gaban Ummaru daidai yake da a ce an ci kasuwa an bar ka da kaya. Sai Alhaji ya zauna yana kaɗa kai, kamar dama ya san abin da ke ciki.

A waƙa ta bakwai aka yi abin da ba wanda ya zata. Kiɗa ya ɗauke, inji ya saki muryar, sai ga Surajo na gaskiya, da harshen gida, yana rera 'yar waƙar nan da uwarsa ke yi in tana tsince irin albasa a tsakar gida. Ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Amma Ummaru da kansa ya ajiye kofinsa, wani tsoho daga Maiyama ya fara amshi. Alhaji ya miƙa hannu ya ƙure ƙara, don a ji cewa yaron nan yana da murya kuma yana da gida. Bai san kiɗan zai dawo da ƙarfinsa duka ba. Baƙa ta ce "ɓurrr", ta yi tsalle a kan buhu, ta ce "ƙyat", warin ƙonanniyar waya ya tashi. Sauran waƙoƙi biyar ta tafi da su, Allah Ya saka mata.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen baki, da memori wanda yanzu ba mai son ɗaukar riƙonsa, da robar da ta riƙe ta tsawon zamanta. Ta kuma bar mai gidanta, wanda tun ranar yake bi ta bayan masallaci in zai je rumfa, saboda masu lodi sun koma tambayarsa ko kayan Gana sun isa lafiya.

Da yamma Surajo ya kira, cike da ɗoki. "Baba, ka ji ta? Mi ka gani?" Alhaji, wanda bai taɓa jin nauyin gaya wa kowa kayansa sun ruɓe ba, ya ce sifika ta mutu tun kafin a fara, bai ji komai ba. Yaro ya ce kada Baba ya damu, ranar Juma'a yana tafe da sabuwa babba mai ƙafa, a tara majalisa a sa daga farko.

Saboda haka ga yadda aka tsara. Liman ya riga ya ce ba a yi wa na'ura salla, don haka za a kai gawar wurin Aminullahi mai gyaran rediyo a unguwar Jega Magaji, ya cire abin da zai amfani wasu, sauran a rufe a bayan rudu. Za a karɓi gaisuwa a rumfa ranar Juma'a bayan la'asar. Ba a yarda kowa ya zo da sifika ba, babba ko ƙarama, mai ƙafa ko marar ƙafa. Ummaru Katanga yana iya zuwa, amma ya yi gaisuwa ya tashi.

Shi kuma Surajo, ana sanar da shi ta wannan hanya cewa ubansa ya ji. Ya ji shida da rabi, kuma rabin nan kaɗai ne kaya. Ya bar inji a Sakkwato, ya zo da bakinsa ya ƙarasa ta a gaban mutanen da suka ji farkonta. Duk wanda ke da lambarsa ya taimaka ya tura masa wannan sanarwa. Wayar Alhaji za ta kasance a kashe har zuwa Juma'a.