Ranar da Aka Yi wa Yaƙi Amin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da malaminmu na tarihi ya kwashe mu zuwa wani kwari a bayan Makka ba, inda aka ce 'yan ƙasa ɗaya sun taɓa gwabza yaƙin basasa. Kowa zai yi bayani a gaban aji. Ni kuwa an riga an ja mini kunne: in na sake yin gum kamar yadda na saba, na faɗi jarrabawar.

Karatu dai na yi shi, na san inda kowace runduna ta tsaya. Matsalata idon mutane. Sai na yi dabara: na hau wani dutse, na rufe ido gam, na ɗaga hannuwa biyu (dama rundunar gabas, hagu ta yamma), na fara zuba Larabci.

Can sai na ji "Amin!" Na ɗauka shaƙiyancin 'yan aji ne, na ƙara murya.

"Aka zagaye su ta bayan tudu!"

"Amin!"

"Aka hana su ruwa!"

"Amin ya Allah!"

Da na buɗe ido, sai ga taron baƙi a gabana. Ashe motar masu Umara daga Kano ce ta tsaya. Sun hango mai farar jallabiya a kan dutse, hannu sama, suka ɗauka wurin ziyara ne ana addu'a. Wata tsohuwa har da hawaye. Abokaina sun durƙushe don dariya, malam ma ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Kunya ta mayar da ni Hausar da kakata ke yi mana a Misfala, unguwarmu a Makka. Na ce wa tsohuwar, "Iya, ku yi haƙuri, ba addu'a ba ce, jarrabawa ce."

"La ilaha! Ashe namu ne! To ɗan nan, me muka yi wa amin?"

Dole na sako labarin daga farko, ido buɗe, Hausa gare su, Larabci ga malam. Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Da na gama, wani dattijo ya ce, "Na ga irinsa a ƙasarmu ina saurayi. Wanda ya ci ma da kuka ya koma gida. Yanzu yi mana addu'ar ta gaske."

Na roƙi Allah ya raba 'yan'uwa da zubar da jinin juna. Wannan karon har malam ya amsa, kuma ni na zo na ɗaya.

Tun daga ranar na kiyaye: in za ka ɗaga hannu a Makka, buɗe idonka, don masu amin ba sa jiran fassara.