Rasuwar Gwaggo Mai Tari da Farin Ƙyallen Mati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda mutum ke rasa inda zai sauke shi, ni Almu, tsohon sajen sojan ƙasa, mazaunin Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina, a madadin kaina da sauran 'yan uwana da muka dawo daga yaƙin basasa da ranmu, nake sanar da rasuwar Gwaggo Mai Tari, tsohon jirgin saman yaƙin nan da ya daɗe a kwance a gefen filin jirgi. Hukuma ta sallame ta daga aiki, an kuma sayar da gawarta ga masu narka ƙarfe. Wanda abin ya ba dariya ya yi dariyarsa, ban hana ba. Na san dai bai taɓa kwanciya rub da ciki a rami yana kasa kunne ga sama ba.

A wurin hukuma lamba gare ta, an rubuta mata a jela. Mu ba mu taɓa kiranta da lamba ba. Gwaggo muka raɗa mata, don ba ta da kyau, ba ta da sauri, kuma duk inda ta zo faɗa ya kawo ta. Mai Tari kuwa, don kafin ka gan ta sai ka ji ta: tuf, tuf, tuf-tuf, sai ta yi shiru har gabanka ya faɗi, sannan ta kece da gurnani, kamar tsohuwar da ta gyara murya za ta tsawata wa yaran maƙwabta. Har yau in injin niƙa ya shaƙe a unguwarmu, sai na tsinci kaina na ɗaga kai.

Marigayiya ba ta da girman kai. Ƙasa-ƙasa take tafiya, daf da kan bishiyoyi, har kana iya ƙirga facin da aka yi mata a ciki. Ba a aika ta garuruwa masu nisa. Aikinta ɗaya ne tak: inda aka tsare sojan ƙasa, ba gaba ba baya, nan take zuwa. In ta zo kuma ba ta gaggawar tafiya, sai ta yi ta kewaya mu har ta ga mun miƙe. An sha harbinta. Ta kan koma gida tana ɗigar mai, a liƙe ta da gwangwani, gari na wayewa ta dawo da tarinta.

A daji mai duhun ganye, na sama ba ya bambanta namu da na abokan gaba, duk kayan soja ne. Don haka kowace runduna tana da farin ƙyalle. In an ji tarin Gwaggo, sai mutum ɗaya ya ja ciki ya wuce ramin gaba, ya shimfiɗa ƙyallen a fili, ya danne bakinsa da duwatsu. Abin da ke bayan ƙyalle namu ne, abin da ke gabansa ba namu ba ne. Matuƙinta, Oga Gideon, mutumin ƙasar Jos, in ya hango farin nan sai ya karkata fiffike sau ɗaya, gaisuwa ke nan, sannan ya shiga aiki. Ya kan ce mana, "In na ga farin nan, na san yarana suna baya."

A tamu rundunar, Mati ne mai ƙyalle. Ɗan Ƙofar Marusa ne, wanki da guga yake yi kafin ya shiga soja, shi ya sa ba wanda ya kai namu ƙyallen haske duk da jan laka na ƙasar can. Mati ya kan bar rigarsa da dauɗa, ya wanke ƙyalle da ɗan sabulun da aka raba masa. Muna tsokanarsa muna cewa ya auri ƙyalle ba a gayyace mu ba. A bakin wani kogi da ba na son kiran sunansa, an rufe mu ta ko'ina, harsashi ya kusa ƙarewa, wasu har sun fara kalmar shahada da ƙarfi. Sai muka ji tuf, tuf. Mati ya ja ciki ya fita, Gwaggo ta karkata fiffike, mu kuwa muka haye kogin nan da ƙafafunmu. Duk wanda ya ga na aurar da 'yata bara, ya sani daga ranar nan bikin ya samo asali.

Sau ɗaya ta taɓa saɓa mana, shi ma ba da sonta ba. Ciwon inji ya kwantar da ita, aka turo wani jirgi a madadinta, mai sauri, mai tafiya can ƙololuwa. Mati ya fita kamar yadda ya saba, ya shimfiɗa ƙyalle, ya danne bakinsa, ya kwanta a gefe yana jiran gaisuwar fiffike. Ba a gaishe shi ba. Na saman bai ga ƙyalle ba, bai ga kowa ba, ya sauke kayansa a bayan Mati. Babaji, abokin kwanan raminsa, yana cikin waɗanda muka tattara a bargo. Mati ko ƙwarzane bai yi ba. Mun same shi a durƙushe yana share ƙasar da ta zubo wa ƙyallen da tafin hannu, yana cewa, "Saje, hwari ne hwa. Duba ka gani, hwari ne." Daga ranar nan wani abu ya fita daga kansa, bai kuma dawo ba.

Gaskiya ta wajaba a kan mai sanar da mutuwa, don haka zan faɗi wannan ma. Ba kowa ne ya ji tarin Gwaggo ya yi hamdala ba. Akwai wani mai sayar da kayan keke a kasuwa, da ya dawo Katsina bayan yaƙi, mutumin kirki, muna gaisawa. Da na ba shi labarin rasuwar, ya daɗe yana goge wani ƙarfe da tsumma, sannan ya ce shi ma ya san tarin nan sarai, kuma ƙanensa yana gaban ƙyalle ne, ba bayansa ba. Ya ce in yi haƙuri, ba zai zo jana'izarta ba. Ban matsa masa ba, ban kuma iya cin abinci ba ranar.

Ciwon ajalinta ya faro ne bayan an zauna lafiya. An kawo ta Katsina tana ɗan kewaya bakin iyaka, tari na ƙaruwa, ƙarfi na raguwa. Sai kuɗin fetur ya shigo, zamanin da kowa ke jin kunyar tsohon abu. Mai keke ya koma babur, mai babur ya koma mota, manya kuma suka sayo sababbin jirage masu tsinin baki, waɗanda ke wucewa kafin ƙararsu ta iso. An ce su sun iya komai: su yi faɗa da jirgi ɗan uwansu, su je nesa, su kuma taimaki sojan ƙasa. Allah Ya sa haka ne. Ni dai ban ga yadda wanda ya ɓace kafin ka ɗaga kai zai ga ƙyalle ba. Gwaggo kuwa, aka daina sayo mata kayan gyara. Aka tura ta gefe, tayoyinta suka sace, ciyawa ta kai mata ciki, tantabaru suka yi sheƙa a makogwaronta. Ranar da aka gwada tayar da ita ta ƙarshe, ta yi tuf sau ɗaya, ta yi hayaƙi, ta yi shiru.

Ta rasu ta bar Oga Gideon, wanda kunnensa ɗaya ya mutu a bakin aikinta. Ta bar mu, tsofaffin sojoji, masu gadi da masu tireda da masu ɗingishi. Ta bar 'ya'yan da muka haifa bayan yaƙi, waɗanda ba su san albarkacinta suka zo duniya ba. Ta bar ƙananan sojojin da ake ɗauka yanzu, da ba su taɓa jin muryarta ba, kuma ina yi musu addu'ar kada ranar da za su nemi irinta ta zo. Sannan ta bar Mati, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Tun da ya dawo, Mati yana hannun ƙanwarsa Mairo a Ƙofar Marusa. Ba ya duka, ba ya zagi, yana sallarsa. Amma in sabon jirgi ya keta sararin gari, ko ina yake sai ya zabura, ya warware ƙyallen daga ƙugunsa, ya shimfiɗa ko da a tsakiyar titi ne, ya kwanta a gefe yana karkarwa. Sau da yawa mota ta kusa bi ta kansa. An kai shi asibiti, an yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Sai ranar da ya bi ni filin jirgi ya ga Gwaggo a kwance. Ya je ya zauna a ƙarƙashin fiffikenta na hagu, ya jingina da taya, ya yi barcin da Mairo ta ce ba ta ga ya yi irinsa ba tun dawowarsa. Daga nan kullum da safe yake takawa can. Masu gadi sun saba da shi, Mairo na kai masa fura da azahar. A ƙarƙashin fiffiken nan, ko jirage nawa za su wuce, ɗaga ido kawai yake yi ya ga ƙarfe a kansa, ya ci gaba da gyangyaɗi.

Mun roƙi a bar mana fiffiken. Ɗanliti maƙeri, wanda aka ba aikin yankan, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ɗan kwangilar da ya saye ta ya ce gaba ɗaya ya saya, gaba ɗaya za a narka. Sai ya rage wa zai gaya wa Mati, kowa ya kalle ni. Na same shi a inuwarsa, na yi doguwar gaisuwa, na tambayi gida, na tambayi gajiya, na rasa ta inda zan shiga. Shi ne ya ce, "Saje, kak ka wahal da bakinka, na ji. Likkahwani na wurina." Ya wanke ƙyallen, ya sa masa bula, ya goge shi, ya naɗe.

Da na faɗa wa Mairo ina murna ya ɗauki abin da sauƙi, sai ta dube ni ido cike da ƙwalla. Ta ce, "Yaya Almu, kai ka taɓa auna ƙyallen nan? Ko hancin jirgin bai ruhewa. Tsawon mutum guda ne." Tun da ta faɗi haka tsoro bai bar ni ba.

Ga yadda za a yi jana'iza, in Allah Ya kai mu. Ranar Asabar da hantsi za a taru a gefen filin jirgi. Malam liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, mun kuma yarda, sai dai za a yi addu'a ga Babaji da sauran waɗanda ba su dawo ba, na bayan ƙyalle da na gabansa. Oga Gideon zai iso daga Kaduna, shi ma zai yi tasa addu'ar. Daga nan Ɗanliti da mutanensa za su sa zarto. Za a kai ta maƙera a narka, ta fito tukwane da ludaya. Wadda ta sayi sabuwar tukunya bana, ta riƙa sauke ta a hankali. Zaman makoki a ƙofar gidan Mairo ne, kuma ba a bukatar kowa ya kawo komai.

Abu ɗaya nake roƙo, musamman ga waɗanda suka haye kogin nan tare da ni. Ku zo da wuri, ku zo da yawa, kowa ya sa babbar riga. Fiffiken hagu za a yanke a ƙarshe, Ɗanliti ya yi mini wannan alkawari. In aka ɗauke shi, rana za ta faɗo daidai inda Mati yake zaune, zai kuma ɗaga ido. Kada wanda ya ja da baya. Ku matso ku tsaya a kansa, kafaɗa da kafaɗa, mu yi masa inuwa, har mu ga ko zai yarda ya tashi ya bi mu gida.