Ranar Da Na Gyara Keken Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, a kamfanin robobin da nake aikin walda a Sharaɗa. Shekarata goma sha biyu a wurin, kuma na yi suna da cewa babu ƙarfen da ya fi ƙarfina (ni na fi kowa yaɗa wannan labarin).

Shugaban sashenmu, Injiniya Nasiru, yana da wani keken hawan dutse da yake fita da shi wajen Tiga duk ƙarshen mako. Ranar ya turo shi har rumfata.

"Malam, wani abu na ƙara a baya. Ka ɗan duba min, jibi zan fita."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Yana juya baya na hau sirdin. Sai keken ya lotsa a ƙarƙashina kamar katifa. Na leƙa, na ga tsakiyarsa duk gaɓoɓi ne masu motsi, da wani ɗan abu kamar famfo yana shiga yana fita. Nan take na yanke hukunci: bayan keken ya saki, an cuci Injiniya. Na kwance ɗan famfon na wurga a duron tarkacen ƙarafa, na yanko bututu mai kauri, na huda shi, na ɗaure a gurbin, har da baƙin fenti. Na kira ma'aikata suka gani, ina ce musu ko buhun siminti aka ɗora ba zai motsa ba.

Washegari da safe Injiniya ya zo, ana tsaka da canjin aiki, mutane cike da harabar. Ya danna sirdin da hannu. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi, sannan ya tsuguna ya daɗe yana kallon bututuna.

"Ina shokozobar?"

"Wacce, ranka ya daɗe?"

"Wadda take nan. Ita ce ke shanye duka in na faɗa kan duwatsu, ita ke riƙe taya a ƙasa. In na gangaro da wannan bututun, ko keken ya karye ko bayana." Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. "Ba a sayar da irinta a ƙasar nan. Ina ka ajiye ta?"

Na waiwaya wajen duron. Babu komai a ciki. Maigadi ya ce motar 'yan gwangwan ta kwashe tun da sassafe, ta nufi Dakata.

Ban san lokacin da na hau babur ba. Duk hanya ina ratsa tireloli ina tunanin yadda zan gaya wa maiɗakina an sallame ni. Na tarar har sun juye kayan a kan wani tsauni na ƙarafa. Mai wurin ya ce in nema da kaina, amma da azahar za a loda ƙarafan a mota a tafi da su. Na kusa awa uku ina tono da hannu, yatsuna duk jini, kafin na hango shokozobar a cikin wata tsohuwar tukunya.

Da na dawo, Injiniya ya mayar da ita da kansa, ina tsaye ina miƙa masa sifana a gaban mutanen da na tara jiya. Ya danna sirdin, keken ya lotsa ya taso. Ƙarar da ya kawo a duba kuwa, noti ɗaya ne ya yi sako-sako. Da juyi biyu ya ɗaure shi.

"Malam, da ka tambaye ni," abin da ya ce ke nan.

Bai kore ni ba. Amma yanzu ko tocila aka kawo min gyara, sai na fara tambayar mai ita ko haka aka ƙera ta. Kalmar "ban sani ba" na da nauyi a baki, sai dai ta fi tonon bola a Dakata sauƙi.